SDH, G.8032 ko MPLS: wanne zaka ɗora a kan zoben fayibarka?

Fayiba a ƙasar nan yankewa take, duk wanda yake wannan harkar ya sani. Yau katafilar masu aikin titi ce, gobe masu haƙa kwalbati, jibi wani ne ya tono kebul yana zaton akwai tagulla a ciki zai kai wa 'yan gwangwan, sai ya tarar da zaren gilashi ya watsar ya tafi, kai kuma ya bar ka da kwastomomi suna ta kira. Shi yasa duk mai ƙaramin kamfanin intanet, ko mai kula da sadarwar jami'a ko asibiti ko sakatariya, da zarar wurarensa sun kai biyar shida sai ya fara maganar zobe, wato a ja fayiba daga wuri na farko zuwa na biyu zuwa na uku har a zagayo a dawo inda aka fara, ta yadda kowane wuri yana da hanya biyu, in an yanke ta gabas data ta bi ta yamma.

Toh amma jan kebul ɗin a zagaye kaɗai baya yin komai. Sai akwai wani tsari a cikin na'urorin da zai gane an yanke, ya juya data ta ɗaya ɓangaren, kuma ya yi hakan da saurin da mai waya bazai ji muryar ta katse ba. Ma'aunin da kowa ke kafa hujja da shi a nan shine milisakan 50 (milisakan 1000 ne sakan ɗaya). Hanyoyin da mutum zai tarar a kasuwa yanzu uku ne in aka cire tarkace, SDH da Ethernet mai G.8032 da kuma MPLS, kuma gaskiya na ga mutane da yawa suna zaɓa ne kawai bisa abinda dillali ya kawo musu, shi yasa nake so mu zauna a kansu da kyau.

Bari in fara cire wanda bai kamata ma ya shigo lissafi ba, wato Spanning Tree, tsarin da ke toshe layi dan kar data ta riƙa zagaye. Shine ke zuwa a kunne cikin kusan kowane suwic, wato na'urar da ke haɗa layukan Ethernet, sai mutum ya haɗa zobensa ya ga yana aiki ya ce shikenan. Na asalin, 802.1D, yana ɗaukar sakan 30 zuwa 50 kafin ya farfaɗo bayan yankewa. RSTP, sabon salonsa da ya zo a 2001, ya fi shi sauri nesa ba kusa ba, amma bazai maka alƙawarin wani lokaci tsayayye ba, kuma zoben na ƙara girma halinsa na ƙara rikicewa. An yi shi ne dan kare ofis daga kuskuren wanda ya soka kebul inda bai dace ba, ba dan ya riƙe gari guda ba. Haka RPR, wato 802.17 na 2004, tsari ne mai kyau a takarda, zobe biyu masu juyawa saɓanin juna, amma kasuwa bata karɓe shi ba, yau da wuya ka samu sabuwar na'urarsa, kar ka ɓata lokacinka.

SDH shine dattijon. Tun 1988 aka tsayar da ƙa'idojinsa, a Amurka suna da ɗan'uwansa SONET, kuma daga wurinsu wannan milisakan 50 ɗin ya samo asali. Yadda yake aiki, kowane sakan ana tura firam, wato ƙunshin data, guda 8000, ɗaya a duk maikrosakan 125, ko akwai data ko babu, kuma kowane kwastoma yana da gurbinsa a cikin firam ɗin da babu mai taɓa masa. Girman layinsa hawa-hawa ne, STM-1 megabit 155 ne da ɗoriya, yana ɗaukar E1, wato tsohon ƙaramin layin kamfanonin waya, guda 63, STM-4 megabit 622, STM-16 kusan gigabit 2.5, STM-64 kusan gigabit 10. Tunda firam baya tsayawa, ana yanke fayiba na'urar da ke gaba take sani nan take, ba sai ta jira wani saƙo ba.

Kariyar zobe a SDH kala biyu ce. Akwai SNCP, inda ake tura data ta ɓangarori biyun a lokaci ɗaya, mai karɓa ya zaɓi wadda ta fi lafiya, in ɗaya ta mutu ya koma ɗayar, babu wata doguwar shawara tsakanin na'urori, sauƙi iya sauƙi, amma hanyar kowane kwastoma tana cin wuri a duk faɗin zoben. Akwai kuma MS-SPRing, wanda a zobe mai zare biyu ake ware rabin ƙarfin layin a ajiye dan ranar matsala, na'urorin suna magana da juna ta wasu bayit biyu da ake kira K1 da K2, kuma lambar kowace na'ura bit 4 ce kawai, shi yasa zoben baya wuce na'ura 16.

Kyawun SDH fa ba ƙarya bane. Jinkirinsa tsayayye ne, yau da gobe duk ɗaya, kuma cunkoson wani baya shafar wani. Masu layin wutar lantarki mai ƙarfi shi yasa suka daɗe suna riƙe da shi, dan na'urorin da ke kare layin wuta suna kwatanta abinda ke faruwa a tashoshi biyu, suna buƙatar lokacin zuwa da na dawowa su zama daidai. Haka tsofaffin turakun 2G da ke kan E1. Amma ga inda yake faɗuwa, ka ɗauki gigabit ɗaya na Ethernet zaka saka a SDH, sai ya cinye manyan gurabun da ake kira VC-4 guda 7. STM-16 yana da 16 ne gaba ɗaya, in kana MS-SPRing mai zare biyu 8 ne kawai na aiki, kaga kenan kwastoma ɗaya mai gigabit ya kusa cinye maka duk wannan ɓangaren na zoben, kuma ko yana barci baya tura komai gurbin nashi ne, bazaka iya ba wani ba. Ga maganar agogo, dole duk zoben ya bi agogo ɗaya, in aka yi kuskuren saiti har agogon ya zagayo yana bin kansa sai ka ga kurakurai suna ta fitowa ka rasa daga ina. Ga kati in ya ƙone samun wani sai an sha wuya dan kamfanoni da dama sun daina ƙera su, yaran da ke fitowa daga makaranta yanzu kuma kaɗan ne suka taɓa ganinsa. Ni dai a ganina in kana da shi yana aiki kuma kana da E1 da dole sai da su, ka lallaɓa shi ka tanadi kayan gyara, amma sayen sabo a yau dan ka sayar da intanet asarar kuɗi ce.

Sai G.8032, wanda ake kira ERPS, wato tsarin kariyar zoben Ethernet. Ƙungiyar ITU-T mai tsara ƙa'idojin sadarwa na duniya ce ta fitar da shi a 2008, aka yi sigar ta biyu a 2010. Kafin nan kowane kamfani da nashi, Extreme suna da EAPS, Cisco suna da REP, Huawei suna da RRPP, duk tunani ɗaya ne amma basa jin yaren juna, in ka fara da kamfani ɗaya ka ɗaure kanka kenan. G.8032 ya zo ne dan a samu abu ɗaya da kowa zai bi.

Ethernet baya son zagaye, in ka bar zobe a buɗe firam ɗin da aka watsa wa kowa zai yi ta juyawa yana ninkuwa har komai ya tsaya cak. Dan haka sai a zaɓi layi ɗaya a cikin zoben a toshe shi da gangan, sunansa RPL, kuma suwic ɗaya ne ke da alhakinsa. Kamar ƙofar baya ce ta gida da ake barinta a kulle, makullin na hannun mutum ɗaya, ranar da zaure ya toshe sai a buɗe ta. In an yanke fayiba, suwic biyun da ke gefen yankan zasu toshe nasu bakin, su aika saƙon sanarwa da ake kira R-APS ya zagaya, mai RPL ya buɗe, kowa ya goge teburin adireshin MAC ɗinsa, wato jerin da ke nuna masa ta inda kowace na'ura take, ya fara koyo daga farko. Ƙa'idar ta ce a zoben da bai kai suwic 16 ba kuma tsawonsa bai kai kilomita 1200 ba kuma babu cunkoso, wannan duka zai kammala cikin ƙasa da milisakan 50. Haske a fayiba yana cin kusan maikrosakan 5 a kowace kilomita, dan haka a zoben cikin gari mai kilomita 40 ko 60 nisa ba shine damuwarka ba, ingancin suwic ɗin ne.

A nan nake so a tsaya, dan anan ake cutar mutane. Suwic yana iya ɗauke da G.8032 a takardarsa amma bai iya abinda ake buƙata ba. Tambayar farko, siga ta ɗaya ce ko ta biyu? Ta ɗaya zobe ɗaya tal ta sani. Ta biyu ce ke baka damar rataya ƙaramin zobe a jikin babba, da juya data da hannunka lokacin da zaka yi gyara, da zaɓin kar zoben ya koma tsohuwar hanya da kansa bayan gyara sai ka ce. Tambaya ta biyu, yana iya tura saƙon CCM, wato saƙon "ina nan" da suwic ke aika wa maƙwabcinsa, duk milisakan 3.33, kuma a cikin cif ɗinsa yake yi ko a kan furosesa? Muhimmancin wannan shine ba kowace matsala ce ke kashe hasken fot, wato bakin da ake soka kebul, ba. In akwai midiya kwanbata, wato na'urar da ke haɗa fayiba da kebul ɗin tagulla, a tsakani, ko layin haya ne ka karɓa daga wani kamfani, ko zare ɗaya ne ya lalace ɗayan na aiki, suwic zai ga fot a kunne alhali babu abinda ke wucewa. CCM ne ke tona wannan, in saƙo uku da ɗoriya suka ɓace a jere sai a ɗauka layin ya mutu, wajen milisakan 12 kenan. Suwic mai arha da ke yin wannan a kan furosesa, ranar da aiki ya masa yawa sai ya makara wajen turawa, maƙwabcinsa ya ɗauka an yanke, zoben ya yi ta juyawa ba gaira ba dalili.

Akwai kuma agogon jira, WTR, wato lokacin da zoben ke jira bayan layi ya dawo kafin ya koma yadda yake, wanda yake zuwa a minti 5 kuma ana iya saita shi daga minti 1 zuwa 12. Wasu suna rage shi zuwa ƙarshe wai dan ya koma da wuri, ni bana goyon bayan haka ko kaɗan, dan lokacin da masu haɗa fayiba ke cikin rami suna aiki haske yana zuwa yana ɗaukewa, kowace komawa kuma wani ɗan katsewa ne ga kwastoma. Ka bar shi ya tabbatar layin ya zauna tukuna.

Inda zaka ajiye RPL ma abin tunani ne. Ka sa shi a can nesa da inda intanet ɗinka ke shigowa, wajen tsakiyar zoben ta ɗaya gefen, dan rabin wurare su bi ta dama rabi ta hagu. In ka sa shi kusa da cibiya to duk garin zai bi ta hannu ɗaya kullum. Kuma kar ka manta da lissafin nan, zoben gigabit 10 in kowane hannu yana ɗauke da 7 a ranar lafiya, ranar da aka yanke kusa da cibiya 14 ne zasu nemi wucewa ta bututun 10, kariyar ta yi aikinta amma kowa na kuka. Jimillar abinda zoben ke ɗauka gaba ɗaya kar ya wuce abinda hannu ɗaya zai iya. Za'a iya yin zobe biyu a kan fayiba ɗaya, kowanne da VLAN ɗinsa, wato keɓaɓɓen rukunin datarsa, da RPL ɗinsa a wuri daban dan kar layi ɗaya ya zauna a banza, amma wannan lissafin na ranar yankewa baya canzawa.

Rauninsa na gaske shine har yanzu babban fili ɗaya ne na Ethernet. Kuskure ɗaya a VLAN ɗin da R-APS ke bi, ko wani ya soka suwic da ba'a saita ba a tsakiya, zagaye ya buɗe, ba wuri ɗaya ne zai mutu ba duka ne. Kuma in garin ya girma kana da zobe huɗu biyar suna rataye da juna, ga wata sabuwar fayiba da ta ratsa tsakiya kana so ka amfana da ita, tsarin zai fara maka nauyi, dan shi zobe kawai ya sani.

Anan ne MPLS ke shigowa. Shi bai damu da siffar ba, zobe ne ko raga ce ko duk yadda ka ja, kowane wuri rauta ce, wato na'urar da ke zaɓar wa data hanya, suna gano hanyoyi da tsarin OSPF ko IS-IS, suna tura data da lakabin da suke liƙa mata, babu layin da ake toshewa, kowanne yana aiki, kuma in ka ƙara sabuwar fayiba gobe da kanta zata shiga lissafi. Gano yankewa da sauri aikin wani tsari ne mai suna BFD, juyawa kuma ana shirya hanyar gudu tun kafin abin ya faru. Tsohuwar hanyar ita ce ta RSVP-TE da ke takardar ƙa'ida RFC 4090 ta 2005, tana aiki amma keɓaɓɓun hanyoyin (tunnel) da zaka riƙa kula da su suna da yawa. Sai LFA mai sauƙi na 2008, inda rauta ke tanadar maƙwabcin da zata miƙa wa data in layi ya mutu, kuma ga wani abu da ba kowa ke faɗa maka ba, LFA zalla baya son zobe. Dalili, in layin gabanka ya mutu ka miƙa wa maƙwabcinka na baya, shi a lissafinsa hanya mafi kusa ta wurinka take, sai ya dawo maka da ita. Saboda wannan aka yi Remote LFA a 2015, daga baya kuma TI-LFA da ke tafiya da sabon salon tsara hanya mai suna Segment Routing, wanda shi ne ke rufe wannan ramin sosai. Dan haka in dillali ya ce maka rautarsa tana da saurin juyawa, ka tambaye shi wanne daga ciki, in LFA ne kawai kuma zobe kake da shi, wasu wuraren naka basu da kariyar gaggawa, sai sun jira duk rautocin sun sake lissafi.

Abinda zaka samu a MPLS yana da yawa, kowane kwastoma da keɓaɓɓiyar hanyarsa ko ta Ethernet ko ta IP, guguwar firam ɗin nan masu ninkuwa bata tsallaka rauta, banki ko ma'aikata mai rassa zaka iya haɗa su ba tare da ka ja VLAN ya ratsa duk gari ba. Abinda zaka biya kuma ba kuɗin rauta da lasisi bane kaɗai, mutum ne. Ƙarfe biyun dare in abu ya rikice, G.8032 yaron da ya san suwic zai iya duba wane fot ne a toshe ya gane inda matsalar take. MPLS sai wanda ya san IS-IS da lakabi da BGP, wani tsarin musayar hanyoyi tsakanin rautoci, kuma irin waɗannan injiniyoyin da zarar sun ƙware manyan kamfanoni ko ƙasashen waje suke tafiya. In mutum ɗaya ne kawai a kamfaninka ya gane tsarin, to ranar da ya ajiye aiki kana cikin haɗarin da ya fi na katafila. Ka kuma tuna kowane lakabi bayit 4 yake ƙarawa, in baka ɗaga MTU, wato iyakar girman fakitin da layi ke yarda da shi, a duk hanyar ba zaka ga wasu shafuka suna buɗewa wasu suna maƙalewa. Akwai MPLS-TP a tsakiya, wanda ake zana hanyoyi daga manhajar kulawa kamar yadda ake yi a SDH, ya fi dacewa da masu wutar lantarki da jirgin ƙasa da ke son barin SDH ba tare da sun rasa tsayayyen halinsa ba, ga mai sayar da intanet ban ga ribarsa sosai ba.

In ka tambaye ni kai tsaye, wurare ƙasa da 16 a gari ɗaya ko harabar makaranta, kayanka duk Ethernet ne, ma'aikatanka biyu ko uku, ka ɗauki G.8032 siga ta biyu a kan suwic mai CCM na gaske, ka sa SFP+, wato ɗan abin da ke tura haske cikin fayiba, daidai da nisa, LR na kilomita 10, ER na 40, ZR na 80, ka huta. In kana haɗa garuruwa, ko ka san nan da shekara biyu zobenka zai zama uku, ko manyan kwastomominka masu rassa ne, ka fara da MPLS a tsakiya tun yanzu ka bar G.8032 a ƙananan zoben unguwanni, dan sauya tsarin da ke ɗauke da mutane yafi gina sabo wahala.

Amma wallahi duk wannan muhawarar bata kai muhimmancin abinda ke ƙarƙashin ƙasa ba. Zobe nawa ne a takarda zobe ne, a ƙasa kuma hannayensa biyu suna kwance a rami ɗaya, ko suna tsallaka gada ɗaya, ko suna shiga gini ta bututu ɗaya? Dalilin a fili yake, haƙa tsada gare ta, kuɗin izinin bin hanya ko a kan naira 145 kowace mita da gwamnoni suka amince da shi ba ƙaramin abu bane in kilomitocin suka taru, sai mutum ya ce bari mu yi amfani da zare biyu a kebul ɗaya, ɗaya tafiya ɗaya dawowa. Haƙori ɗaya na katafila zai ɗauke su tare, kuma babu SDH ko MPLS ɗin da zai cece ka. Ko manya abin ya taɓa su, ranar 14 ga Maris 2024 kebul huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a yanki ɗaya ta gaɓar Kodebuwa, waɗanda suke ganin sun sayi hanya biyu daga kamfani biyu suka gane ashe duk wuri ɗaya suke bi. In hayar fayiba zaka yi daga wani, ka nemi taswirar KMZ ta hanyar, wato fayil ɗin da ke nuna inda kebul ɗin ya bi, ka ɗora ta kan taka, ka shiga mota ka bi ka gani da idonka, musamman gadoji da mahaɗar tituna da ƙofar shiga ginin cibiyarka.

Sai wuta. A zobe kowane suwic hanya ce ga na gaba da shi, in ya mutu daidai yake da an yanke fayiba. Ɗaya ya mutu zoben zai jure, amma in an ɗauke wuta a gari batir ya ƙare a wuri biyu, duk waɗanda ke tsakaninsu sun yanke ko da nasu janareton na aiki. Haka in an yanke fayiba ranar Litinin ka ce ai kariya ta riƙe, baka tura masu gyara ba har Alhamis, kana zaune ne a kan hannu ɗaya, yanka na biyu ko mutuwar inbata ɗaya ya isa. Dole ka sa ƙararrawar da zata sanar da kai zoben ya juya, dan kwastoma bazai kira ba tunda bai ji komai ba. Wuraren da ka san wutarsu bata da tabbas ko dai kar ka sa su a babban zobe, ka rataye su a gefe, ko ka sa musu ƙaramar na'urar da ke wuce da haske kai tsaye in wuta ta ɗauke, da sharaɗin ka lissafa cewa SFP ɗin maƙwabtan biyu zai iya kai nisan da ya ƙaru.

Kafin ka biya dillali kuɗin ƙarshe, ka sa a yi gwaji a gabanka da rana tsaka lokacin da layin ke ɗauke da kaya. A tura fakiti 1000 a sakan daga wannan ƙarshen zuwa wancan, ka zare fayiba da hannunka, ka ƙirga nawa suka ɓace, kowane ɗaya milisakan ɗaya ne, in sun wuce 50 ka tambayi dalili. Ka maimaita a kowane layi na zoben ba ɗaya kawai ba, ka gwada zare guda ɗaya kacal ka bar ɗayan, ka kashe wutar suwic ɗin da ke riƙe da RPL, sannan ka mayar da komai ka jira WTR ya cika ka ƙirga na komawar shima.